Tambaya da Amsa: Kwas ɗin intanet a kan halayyar jima'i, abin da ake nema da abin da ke kayar da ɗalibai

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu guda: darasin da jami'o'in waje ke bayarwa ta intanet game da halayyar ɗan Adam a fannin jima'i, wanda reshe ne na sikoloji. Mun taƙaita tambayoyin, mun cire sunaye. Za ku ga muna yawan komawa ga takardar tsarin darasi, wadda ake kira silabus. Kowane malami da tasa, kuma duk inda maganarmu ta saɓa da ita, ita za ku bi.

Assalamu alaikum. Ni ungozoma ce a wata cibiyar lafiya a nan Tawa. Mata na kawo mani kukan rashin sha'awa da jin zafi lokacin saduwa, ni kuma ba a zurfafa mana wannan a makaranta ba. Na ga wata jami'ar Amurka na bayar da kwas ɗin ta intanet. Me za su nema daga gare ni? Kuma ba batsa ba ce aka lulluɓe da sunan ilimi?
Wata ungozoma, Tawa

Wa alaikumus salam, Malama. Ba batsa ba ce, amma kuma ba a sakaya zance. Za ki ga zanen al'aurar namiji da ta mace, kowane sashe da sunansa, kamar dai a littattafan aikinki. Daga nan a shiga balaga da matakanta biyar na James Tanner, sinadaran jiki irin su testosteron da estrojen, soyayya da zaman aure, ciki da tazarar haihuwa, cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, fyaɗe, da yadda tsufa ke sauya jiki.

Babin da zai fi amsa kukan matan naki shi ne na yadda jiki ke karɓar saduwa. A 1966 William Masters da Virginia Johnson suka kasa shi gida huɗu: motsuwar jiki, tsayawarta a sama, kaiwa ƙololuwa, sannan lafawa. Helen Kaplan ta zo ta ce an manta da marmari, wanda ke gaban duka. A 2000 kuma Rosemary Basson ta nuna cewa mata da yawa, musamman waɗanda suka daɗe a aure, marmarin ba ya riga zuwa, sai bayan kusanci ya samu yake tasowa. To matar da ta ce maki ba ta jin komai sai an fara, ba lallai ba ne tana da wata cuta.

Abin da za su nema: shekara 18 zuwa sama, takardar bak ko makamanciyarta, kuma galibi shaidar cewa kin ci darasin share fage na sikoloji da aƙalla sakamakon C, wato 70 bisa 100. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ke tare mutane a ƙofa, domin na'urar rajista ba ta san takardunki na Nijar ba. Ki aika wa ofishin rajista takardar makinki ta makarantar ungozomanci, wadda mai fassara da kotu ta rantsar ya mayar Turancin Ingilishi, ki nemi a ɗaga maki sharaɗin. Wasu jami'o'in za su tura ki wata hukumar tantance takardu irin WES, wannan kuma da kuɗinsa da makonninsa. Ki yi rajista a matsayin ɗalibar da ba ta neman digiri, ya fi sauƙin takardu. Za a kuma nemi shaidar Ingilishi, TOEFL ko IELTS, kuma a IELTS da yawa kan nemi 6 ko 6,5. In Faransanci ya fi maki, ki duba jerin karatun nesa na hukumar jami'o'in Faransanci, AUF.

Ki lissafa lokacinki tun yanzu. Darasi mai kiredi 3 (kiredi shi ne ma'aunin nauyin darasi) a Amurka na cin kamar awa 9 a mako har mako 15, wato awa 135. In kika zaɓi na gaggawa mai mako 8, aikin bai ragu ba, ya koma kusan awa 17 a mako, ga gadin dare a asibiti. Sai littafi: yawancinsu na zuwa da lambar shiga wadda da ita ake yin ƙananan jarrabawoyin mako, kuma lambar sau ɗaya take aiki. Kwafin da wani ya turo maki ta WhatsApp ba ya da ita.

Kwas guda ba ya mayar da ke likitar wannan fanni. Zai gyara maki yadda kike saurare, da sanin lokacin da za ki tura mace gaba.

Ina shekara ta biyu ta lisans a Jami'ar Abdou Moumouni. In na ci kwas ɗin, za a ƙirga mani shi a cikin kiredina?
Wani ɗalibi, Harobanda, Yamai

Ba kai tsaye ba, ɗan'uwa. A tsarin LMD lisans kiredi 180 ne, 30 kowane zango, kuma sashenku ne kaɗai ke da ikon cewa darasin waje ya yi daidai da ɗaya daga cikin nasu. Ka kai wa shugaban sashe silabus ɗin kafin ka biya ko dala, ka nemi amsa a rubuce. CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da ke Wagadugu, difloma take tantancewa, ba darasi guda ba. Ka kuma bambance kwas mai kiredi, wanda ke fitowa a takardar maki ta jami'a, da shaidar halarta irin wadda ake samu a shafin darussa na Coursera. Ta biyun na da amfani a takardar neman aiki, amma da wuya a ƙirga ta.

Wani tarko kuma: ma'aunin maki. A nan 10 bisa 20 ci ne, 14 kuwa har da yabo. A Amurka 70 bisa 100, wanda shi ne 14 ɗin, C ne kawai. 80 B, 90 A, ƙasa da 60 faɗuwa. Wanda ya shiga da niyyar tsallake rabi ya fito da F.

Kwas ɗina daga Faransa ake bayar da shi. An ce a miƙa aiki kafin 23:59 ranar Lahadi. Na miƙa da ƙarfe 23:20 a watan Afrilu, aka rubuta na makara, aka rage mani maki. Ga ɗauke wuta, ga rezo. Ina mafita?
Wani malamin jinya, Bukoki, Yamai

Malam, gaskiya ka makara da minti 21, kuma agogo ne ya cuce ka. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba Faransa na gaban Nijar da awa guda, don haka 23:59 ɗinsu 22:59 ne a Yamai. Sauran watanni agogonmu ɗaya, shi ya sa a Janairu ba ka ga matsala ba. Masu karatu da gabashin Amurka ko Kebek su abin ya juya masu: 23:59 na Lahadi can, 4:59 na asubahin Litinin ne a nan daga Lahadi ta biyu ta Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba, sauran lokaci 5:59. Sun samu ƙarin lokacin rubutu, amma aji kai tsaye na ƙarfe 7 na yamma can zai same su da sha biyun dare ko ƙarfe ɗaya. A shafukan da ake gudanar da aji a kansu, wato Canvas, da Moodle in jami'a ta bari, kana iya sauya agogon bayananka zuwa na Yamai, sai kowane wa'adi ya fito da lokacin gida. Ka yi wannan tun ranar farko.

Dokar makara ta bambanta. Akwai mai cire kashi 10 bisa 100 kowace rana, akwai wanda ƙofar ke rufewa gaba ɗaya. Kusan kowane silabus na cewa matsalar intanet ba uzuri ba ce, kuma malamin da ke Liyon bai san zafin Afrilu da kuran ke tafiya awa da awa ba. Saboda haka ka mayar da wa'adinka Asabar. Ka yi rubutu a Word, ba a cikin akwatin shafin ba, don in rezo ya yanke komai ya tafi. Ka miƙa a irin fayil da aka ce, PDF ko docx. Hoton takarda da aka ɗauka da salula ba ya karɓuwa. Bayan ka miƙa ka buɗe fayil ɗin ka tabbata shi ne, ka ɗauki hoton allo mai nuna rana da lokaci. Ka ajiye layin waya na biyu na wani kamfani da ɗan forfe a ciki. In abu ya faru duk da haka, ka rubuta wa malami kafin wa'adi ya cika, da adireshin imel na jami'a, ka liƙa aikin a jikin saƙon. Wanda ya rubuto kafin lokaci ana saurarensa. Wanda ya rubuto ranar Talata sai dai a ba shi haƙuri.

Tattaunawar aji ma wa'adi biyu gare ta a yawancin kwasa-kwasai: rubutunka na farko tsakiyar mako, amsa ga abokan karatu biyu kafin Lahadi. "Na yarda da kai" ba ya kawo maki.

In ka ga ba za ka iya ba, kar ka ɓace kawai. A jami'o'in Amurka wanda ya fita a mako na farko ko na biyu yakan samu kuɗinsa. Bayan nan, har zuwa wata rana da kalandar jami'a ta ƙayyade, ana rubuta masa W, wato ya janye. Wanda ya daina shiga ba tare da ya cike takardar janyewa ba, F ce, kuma kuɗin sun tafi.

An ba mu aikin rubuta yadda tarbiyya da al'ada suka gina tunaninmu game da jima'i. Ni matar aure ce. Dole ne in tona asirin ɗakina? Wa zai karanta?
Wata ƴar'uwa, Yantala, Yamai

Ba dole ba ne, ƴar'uwa, kuma shawararmu kar ki yi. Abin da ake auna wa a irin wannan aiki shi ne ko kin iya ɗora abin da kika karanta a kan rayuwa, ba yawan sirrin da kika zubar ba. Kina iya yin rubutu a kan kunya tsakanin uwa da ɗiyar fari, a kan yadda gwaggo ko kaka ce ke yi wa amarya huɗuba ba uwa ba, a kan kasuwar kayan mata da abin da take nunawa game da tsoron kishiya. Duk wannan tarbiyya ce da al'ada, kuma za ki cika shafuka ba tare da kin ambaci maigidanki ba. Silabus mai kyau na faɗar haka ƙarara. In naku bai faɗa ba, ki tambayi malamin ko za ki iya yin rubutun a kan al'umma maimakon kanki; da wuya a hana.

Ki rarrabe wurare biyu. Aikin da kika miƙa, malami da mataimakansa ke gani. Abin da kika rubuta a tattaunawar aji, duk ajin ke gani, kuma ko da doka ta hana fitar da shi, babu abin da ke hana yatsa ɗaukar hoton allo.

Ga abin da ɗalibanmu ba su sani ba. A Amurka akwai dokar 1972 da ake kira Title IX, kuma a ƙarƙashinta jami'o'i da yawa sun wajabta wa malamansu kai rahoto ofishi na musamman in ɗalibi ya bayyana cewa an yi masa fyaɗe, ko ana dukansa a gida, ko ana bibiyarsa. Malamin ba zai iya yi maki alkawarin rufe baki ba, ko da yana so. Haka in rubutun ya nuna ana cutar da yaro. Wanda ke iya riƙe sirri shi ne mai ba da shawara na sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na jami'ar. In akwai abin da ke ci maki rai, wurinsa asibiti ne ko wajen ƙwararre, ba takardar da za a sa wa maki ba.

Wata dokar kuma, FERPA ta 1974, ta hana jami'a bai wa miji makinki ko ayyukanki ba da izininki a rubuce ba. Amma sunan darasin zai fito a takardar maki da rasit, kuma sanarwar aji za ta riƙa faɗowa a salula da taken babin mako. In yara na wasa da wayar, ki kashe sanarwar, ki sa wa kwamfuta lambar sirri, kar ki yi karatun a sibar. In da hali, gara maigida ya ji labarin kwas ɗin daga bakinki.

Ma'aikatan lafiya kuma ku kula: labarin majinyaciya ba naku ba ne. A gari kamar Madawa ko Ƙonni, shekaru da unguwa da yawan haihuwa sun isa a gane mace ko ba suna.

Ni malamin makaranta ne, kuma ina da karatun addini. Na ga akwai babuka da suka saɓa wa aƙidata. In na faɗi ra'ayina za a kayar da ni? Zan iya tsallake su?
Wani malami, Tawa

Allah gafarta Malam, tsallakewa ba ta yiwuwa, domin jarrabawa za ta taɓo su. Kusan duk silabus na ɗauke da gargaɗi a shafin farko cewa akwai zane da zance a fili, kuma ci gaba da zama a ajin yarda ce. Inda akan yi sassauci shi ne bidiyo ko hoto: in ka nema tun makon farko, ana iya ba ka karatu a madadinsa. Ranar miƙa aiki ba lokacin wannan roƙo ba ne.

Ba a sa maki a kan abin da ka yi imani da shi. In aka tambaye ka yaushe ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire neman jinsi ɗaya daga jerin cututtuka, amsar 1973 ce, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma 1990. Rubuta wannan ba fatawa ba ce, ba kuma amincewa ba ce. Labarin abin da ya faru ne. Inda aka nemi ra'ayi, ka faɗi naka, ka ce ga matsayin addinina, ka raba shi da abin da bincike ya gano. Abin da ke jawo cire maki ko kora daga tattaunawa shi ne zagi, laƙabi, ko yi wa wani ɗalibi wa'azi a kan rayuwarsa.

Suka kuwa ana son ta, in ta ilimi ce. Alfred Kinsey ya fitar da sakamakon bincikensa a 1948 da 1953, kuma tun lokacin masana lissafi suka soke shi cewa masu sa kai ya tattara, har da fursunoni, ba samfurin da ke wakiltar jama'a ba. Mafi yawan binciken fannin ma a kan Turawa da ɗaliban jami'a aka yi shi. In ka rubuta cewa wannan sakamako ba lallai ya hau kan magidancin Adar ba, ka kawo dalili, maki za ka samu. Kai da ka karanta babukan janaba da haila da nifasi a fikihu ka riga ka san ana kiran abu da sunansa a zauren karatu, kuma Nana A'isha ta yabi matan Ansar a kan kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Jarrabawar da kyamara ake sa ido. Salula ta isa? Kuma ina sa niƙabi.
Wata ɗaliba, Lazare, Yamai

Ba ta isa ba. Manhajar kulle allo irin Respondus ba ta aiki a wayar Android. Ki nemi kwamfuta mai kyamara da makirfo, wadda kike da ikon girka manhaja a kanta, don ta ofis sau da yawa a kulle take. Za a ce ki nuna fasfo ko katin ɗan ƙasa, ki zagaya da kyamara cikin ɗaki, ki zauna ke kaɗai. Muryar yaro, shigowar wani, ko yawan kallon gefe duk na'urar na yi masu alama. Hijabi ba ya hana komai. Niƙabi kuwa sai an ga fuska don tantancewa, saboda haka ki rubuta tun da wuri ki nemi mace ta tantance ki. Ki yi jarrabawar gwaji da ake bayarwa, da kwamfutar da layin da za ki yi ta gaske. Ba a fafe gora ranar tafiya. Batir ya cika, wayar da ke ba da intanet tana nesa da hannunki.

Babban aikinmu rubutu ne mai shafi 8. Ina so in yi a kan auren wuri. In na fassara daga Faransanci, ko na sa ChatGPT ya gyara mani, laifi ne? Zan iya yin hira da matan unguwarmu?
Wani ɗalibi, Wadata, Yamai

Fassara ba ta mayar da tunanin wani naka. In ka ɗauko daga Faransanci ba ka ambaci mai shi ba, satar ilimi ce, hukuncinta daga sifili a aikin har faɗuwa a darasin, wani lokaci da rahoto a fayil ɗinka. Sake miƙa aikin da ka taɓa miƙawa a wani darasi shi ma laifi ne. Wajen ambaton majiya, sikoloji tsarin APA take bi, bugu na 7: sunan marubuci da shekara a cikin jimla, lambar shafi in kalmominsa ka kwaso, kuma abin da ya kai kalma 40 a ware shi a sakin layi nasa. Kason da Turnitin, manhajar da ke kwatanta rubutunka da na wasu, take nunawa kamanni kawai yake ƙirgawa. Kashi 25 na iya zama lafiya in duka ambato ne da aka danganta, kashi 5 na iya kayar da kai in sakin layi ɗaya ne aka sace.

Dokar ChatGPT daga malami zuwa malami take sauyawa: wani ya hana sam, wani ya yarda da gyaran nahawu in ka bayyana. In silabus ya yi shiru, ka tambaya a rubuce. Ka kuma sani yana ƙirƙiro sunayen bincike da babu su, kuma malami na gane wannan cikin minti guda in ya neme su bai samu ba.

Maudu'inka mai kyau ne amma ya yi faɗi. Binciken alƙaluman jama'a da lafiya na Nijar na 2012 ya nuna kashi 76 bisa 100 na mata masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin 18. Ka fara daga nan, ka matse zuwa tambaya guda, misali yadda yoyon fitsari ke shafar zaman aure da yadda mace ke kallon kanta. Ka nemi maƙalun da masana suka tantance ta shafukan neman bincike irin PubMed ko Google Scholar, ka shiga ta ɗakin karatun jami'ar don kar a nemi ka biya.

Hira kuwa, a'a, sai da izinin malami a rubuce. Tambayar mutane game da jima'i bincike ne a kan ɗan Adam, yana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'a da yardar kowace mace bayan an yi mata bayani da harshenta, kuma ƴar ƙasa da shekara 18 ba ta iya bayar da wannan yarda ita kaɗai. Samun izinin kan ɗauki makonni, zangon kuma mako 15 ne. Yawancin malamai a wannan mataki nazarin abin da aka riga aka buga suke nema, maƙala biyar zuwa takwas, kuma adadin na rubuce a takardar auna aikin.